Tambayi Likita: Gemu, Minshari da Allurar Barci ga Mai Ƙiba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekarunsa 52, Allah ya yi shi mai jiki sosai. Nauyinsa kilo 138, tsayinsa mita 1.70. An gano duwatsu a matsarmamarsa, likitan tiyata ya ce sai an cire ta, kuma aikin na'ura za a yi, wanda ake yin ƙananan hudoji a ciki ba tare da an farke shi ba. Sai aka tura mu wajen likitan da zai sa shi barci. Shi kuwa ko cikin bai duba ba. Ya sa shi ya buɗe baki ya zaro harshe, ya ce ya turo haƙoransa na ƙasa gaba, ya auna masa wuya da tef, sannan ya juyo ya tambaye ni ko yana minshari. Daga ƙarshe ya ce abin da ya fi damunsa shi ne yadda zai ba shi iska da takunkumin roba bayan ya yi barci, kuma da zai rage gemunsa da ya fi. Maigida ya fito ransa a ɓace. Wani abokinsa ya ce akwai asibitin kuɗi da za a yi masa aikin babu wannan dogon bincike. Ni kuma tun ranar ban yi barcin kirki ba, domin na sha jin ana cewa masu ƙiba ba sa farkawa daga allurar barci. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Wata mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Sa mutane barci a ɗakin tiyata da tayar da su shi ne sana'ata, don haka wasiƙarki ta zo inda ya dace.

Maganar cewa masu ƙiba ba sa farkawa ba gaskiya ba ce. Ana yi wa masu nauyin maigidanki, har da waɗanda suka ɗara shi, manyan ayyuka su tashi su koma kasuwarsu. Akwai ma tiyatar rage ƙiba, wadda duk wanda ake yi wa ita mai jiki ne ƙwarai, kuma dukkansu sai an sa su barci. Amma likitan da kuka gani bai faɗi abin da babu ba. Akwai 'yan mintuna a farkon aiki, da wasu a ƙarshensa, waɗanda ƙiba take ƙara wa haɗari. A kan waɗannan mintunan duk tambayoyinsa suka tsaya.

Ga yadda abin yake gudana. Ana zuba maganin barci ta jijiyar hannu, yawanci wani farin ruwa da ake kira firofofol. Kafin minti ɗaya ya cika mutum ya tafi, kuma numfashinsa yakan yi rauni ko ya tsaya cak. Wannan ba matsala ba ce, dama haka maganin yake aiki. Sai a bi da wani maganin da ke saki naman jiki, don a samu a zura bututun numfashi ta baki zuwa hanyar huhu. Shi wannan na biyun yana ɗaukar minti ɗaya zuwa uku kafin ya kama. A wannan tsakanin mara lafiya ba ya numfashi da kansa, bututu kuma bai shiga ba. Likitan barci ne ke yi masa numfashi: ya ɗora takunkumin roba a kan hanci da baki, ya ɗaga haɓa, a riƙa matsa jakar iska, ƙirji na tashi yana sauka. Idan bututu ya ƙi shiga a karon farko, wannan takunkumin ake komawa. Shi ya sa muke cewa gara bututu ya ba ka wahala da takunkumi ya ba ka wahala. Muddin iska na shiga ta takunkumi, akwai lokacin tunani da neman taimako.

To me ƙiba take canzawa? Kitse ba a tumbi kaɗai yake taruwa ba. Yana taruwa a harshe, da gefen maƙogwaro, da kewayen wuya. Mutum yana farke, naman wurin a ɗaure yake, hanya a buɗe. Da ya yi barci sai naman ya saki, harshe ya koma baya, hanya ta tsuke. Ƙarar da iska ke yi tana kutsawa ta wannan tsukakkiyar hanya ita ce minshari. A wajenmu ana ɗaukar mai minshari a matsayin wanda barci ya yi wa daɗi, alhali sau da yawa kokawa yake yi da numfashi. Idan kina jin minsharin ya yanke ɗif na wasu sakanni, sannan ya yi wata irin shaƙa ya ci gaba, to hanyar ce ta rufe gaba ɗaya har sai da ƙwaƙwalwa ta zabure shi. A barcin gida ƙwaƙwalwa na zaburarwa. A barcin allura ba ta yi. Dalilin da ya sa likitan ya tambaye ki ke nan, bai tambayi maigida ba, domin mai minshari bai san yana yi ba.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne mutane ba su sani ba. Ko mutum ya fitar da numfashi, akwai iskar da take saura a huhu. Ita ce ajiyar da jiki ke ci idan numfashi ya tsaya. Mai babban ciki idan ya kwanta rigingine, nauyin cikin yana danna tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ya tura shi sama, ƙasan huhu ya matse. Maganin barci ya ƙara sakin wurin. A mai matsakaicin jiki ajiyar takan ragu da kusan kashi 20 cikin 100, a mai ƙiba sosai kuwa tana iya raguwa da rabi. Ga shi kuma babban jiki ya fi ƙarami cin iskar oksijin. Kamar gida ne mai ƙaramar randa da mutane da yawa: famfo na ɗaukewa, nan da nan ruwa ya ƙare. A shekarar 1997 wani likitan barci a Amurka, Jonathan Benumof, da abokan aikinsa sun fitar da lissafin da har yau ake koyar da ɗalibai da shi. Lafiyayyen mutum mai kilo 70, idan an cika masa huhu da oksijin kafin barci, zai kai kusan minti 8 ba numfashi kafin oksijin ɗin jininsa ya sauko zuwa kashi 90. Mai kilo 127 ba ya kai minti 3. Kuma daga 90 saukar ba a hankali take yi ba, zubewa take yi.

Sannan ƙirjin kansa yana da nauyi, sai an matsa jaka da ƙarfi kafin ya tashi. Ƙarfin nan kuwa yana da iyaka. Idan ya yi yawa, iska takan tsere ta gefen takunkumi, ko ta bi hanyar abinci ta kumbura ciki, abin da ke cikin ya taso ya gangara huhu. Wannan na cikin abubuwan da muka fi tsoro.

Yanzu maganar gemu, wadda na san ita ce ta fi ɓata wa maigida rai. Ni ma mai gemu ne, kuma na san matsayinsa a wajen mai riƙo da sunna, don haka ba na ɗaukar maganar da wasa. Takunkumin yana aiki ne idan bakinsa ya manne da fata babu kafa. Gashi yana hana mannewa, iska ta riƙa zurarewa ta kumatu da haɓa. A shekarar 2000 likita Olivier Langeron da abokansa a Paris sun bi diddigin marasa lafiya 1,502, suka samu an sha wahalar ba da iska da takunkumi a kashi 5 cikin 100. Abubuwa biyar suka fito a matsayin alamu: shekaru sama da 55, nauyin jiki, gemu, rashin haƙora, da minshari. Daga baya wani babban bincike a Jami'ar Michigan, wanda aka buga a 2009, ya duba sama da mutum 53,000. A cikinsu 77 ne iska ta ƙi shiga gaba ɗaya ta takunkumi, wato kusan mutum ɗaya cikin 690. Ki lura da ƙarancin adadin, domin yana da kwantar da hankali. A nan ma gemu ya fito, tare da kasancewa namiji da yankewar numfashi cikin barci. Cikin duk waɗannan alamu, gemu ne kaɗai ake iya canzawa a daren jajibirin aiki. Dalilin likitan ke nan, ba raini ba ne.

Ki auna maigida da wannan. Akwai ma'aunin da ake kira BMI, ana raba nauyi da tsayi sau tsayi. Kilo 138 a raba da 1.70 sau 1.70 ya ba da kusan 48. Daga 30 ake cewa ƙiba, daga 40 ake cewa ƙiba mai tsanani. Namiji ne, yana da gemu, kuma ina kyautata zaton amsarki kan minshari "e" ce. Tef ɗin da aka sa masa a wuya, ana duba ko ya wuce santimita 40 ne. Buɗe baki da zaro harshe gwaji ne da wani likita ɗan asalin Indiya, Mallampati, ya fito da shi a 1985: idan ana hango beli to da sauƙi, idan harshe ya rufe komai sai a shirya. Turo haƙoran ƙasa gaba kuma yana nuna ko muƙamuƙinsa zai yarda a jawo shi gaba idan ya yi barci, wanda shi ne babban makamin buɗe hanya.

Shin dole ne ya aske? A ganina ba dole ba ne, kuma ba na tilasta wa kowa. Akwai dabaru. Ana iya rage gashin baki da na kumatu daidai inda bakin takunkumi zai zauna, a bar tsawon ƙasa. Ana iya shafe gashin da man tiyata mai santsi ya kwanta, ko a lulluɓe gemun da faffaɗan filasta mai gani-gani a huda wurin baki. Suna taimakawa, amma gaskiya ba su kai fata tsirara ba. Abin da nake ba da shawara shi ne ya koma wajen likitan cikin natsuwa ya ce, "Gemuna yana da muhimmanci a wajena, me za a iya yi?" Idan likitan ya duba ya ce a yanayinsa ragewar ta zama lalura, sai ya kai maganar ga malamin da ya yarda da shi, ya gaya masa dalilin kamar yadda na zayyana. Hukuncin shari'a nasu ne, nawa shi ne in bayyana haɗarin yadda yake.

Bari in nuna miki abin da shiri yake nufi, don ki san abin da za a yi masa idan an shiga da shi. Ba za a kwantar da shi shamal ba. Za a jera barguna da matasai tun daga tsakiyar baya, a ƙara a kafaɗu, a ƙara a ƙeya, har sai wanda ya tsuguna ya duba ta gefe ya ga ramin kunnensa ya yi daidai da ɗan kwarmin da ke gindin wuya, saman ƙashin ƙirji. Sai a karkata gadon, kai ya yi sama, ƙafafu ƙasa, nauyin ciki ya sauka daga kan huhu. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2005 kan masu BMI sama da 40 ya nuna ɗaga kai da digiri 25 kawai ya ƙara musu kusan sakan 45 kafin oksijin ya faɗi. Wani zai ce sakan 45 me zai yi. A wannan wurin, ya isa a sa bututu.

Sannan tun yana farke za a ɗora masa takunkumin a matse, ya shaƙi tsantsar oksijin na minti uku ko fiye. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ne kawai oksijin, mafi yawan sauran naitirojin ne da ba ya amfanar jini. Ana so a kore shi a cika ajiyar da oksijin zalla. Nan ne nake roƙon marasa lafiya haɗin kai. Takunkumin yana da warin roba, yana sa wasu jin kamar an toshe su, sai su riƙa ture shi ko su ce a ɗaga kaɗan. Duk ɗagawa ɗaya iskar ɗaki ta shiga, an koma baya. Ki gaya wa maigida tun a gida: idan an ɗora, ya daure, ya ja dogon numfashi. Wannan shi ne nasa rabon aikin.

Da ya yi barci, mutum biyu ne a kansa. Ɗaya ya riƙe takunkumi da hannu biyu yana jawo muƙamuƙi gaba, ɗaya yana matsa jaka. Akwai wata lanƙwasasshiyar roba da ake sawa a baki ta tare harshe, wadda likita Arthur Guedel ya ƙirƙiro a 1933, har yau ba a samu abin da ya kore ta ba. Idan duk da haka iska ta ƙi, akwai wani ƙaramin takunkumi da ake zurawa ta baki ya zauna a kan ƙofar hanyar huhu, ƙirƙirar likita Archie Brain na Ingila a farkon shekarun 1980, wanda ya ceci rayuka masu yawa a irin wannan hali. Idan kuma tun a bincike an ga alamun sun yi yawa, ana iya fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro a sa bututun mutum yana farke yana numfashinsa, sannan a sa shi barci. Ba daɗi, amma hanya ce mai aminci. A yatsarsa kuma akwai 'yar na'ura mai jan haske da ke ƙara tare da bugun zuciya. Idan oksijin na sauka, sautin yakan yi ƙasa-ƙasa yana kauri, kuma duk wanda ya daɗe a ɗakin tiyata kunnensa na kama wannan canjin kafin idonsa ya kai ga lamba.

Wata za ta ce me zai hana a yi masa allurar baya, wadda ake yi wa masu haihuwa. Ga aikin ƙasan cibiya, kamar gwaiwa ko ciro jariri, sau da yawa ita muka fi so ga mai ƙiba. Amma matsarmama tana sama ƙarƙashin haƙarƙari, kuma a aikin na'ura ana hura ciki da iska don a samu fili, abin da ke ƙara danne huhu. Barci da bututu ya fi masa.

Ƙarshen aiki ma wuri ne. A 2011 likitocin barci na Birtaniya sun fitar da rahoton wani bincike na ƙasa baki ɗaya kan manyan matsalolin hanyar numfashi. Masu ƙiba sun fito a cikin waɗanda abin ya shafa ninki biyu na yawansu a cikin marasa lafiya, masu ƙiba mai tsanani kuwa ninki huɗu. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matsalolin barcin tiyata lokacin farkawa ko bayansa suka faru. Abin da ya fi tsaya mini a rai a rahoton shi ne, a lokuta da dama ba a yi binciken da ya kamata ba kafin aiki, ko an ga alama ba a canza shiri ba. Don haka ba za a cire wa maigida bututu ba sai ya farka sosai yana bin umarni, a kishingiɗe. A ɗakin jinya kada ki bari ya kwanta shamal, kada ki cire masa robar oksijin don ya ce ta dame shi, kuma kada ki matsa a ƙara masa allurar zafi mai sa maye don ya samu barci. Idan kika ga yana minshari yana yankewa, ko tashinsa na wuya, ki kira ma'aikaciyar jinya nan take.

Wannan ya kawo ni ga shawarar abokinsa, kuma a nan zan yi magana ba kwana-kwana. Asibitin da ba a tambayi komai ba bai rage haɗarin ba, ƙin dubawa kawai aka yi. Wuyan maigida da harshensa suna nan yadda suke ko a ina aka kwantar da shi. Likitan da ya ɓata muku rai ya riga ya hango matsalar, ya fara shiri. Ba ina cewa duk asibitin kuɗi ba shi da kyau ba ne, akwai masu kayan aiki da ƙwararru. Amma likitocin barci sun yi ƙaranci a Najeriya, ba mu kai ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyar likitocin barci ta duniya tana neman aƙalla 5. Duk inda za ku je, ku tambaya: wa zai sa shi barci, kuma zai gan shi kafin ranar? Zai tsaya a kansa har a gama, ko shi ne kuma zai riƙa taya likitan tiyata? Akwai na'urar yatsa, da wadda ke nuna iskar da mara lafiya ke fitarwa? Akwai tukunyar oksijin ta ajiya idan wuta ta ɗauke? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyin ya ba ku amsa.

Naki aikin kafin ranar ba shi da yawa. Ki ɗauki minsharinsa a waya da dare, minti biyu ko uku, ki kai wa likitan. Ku kwashi duk maganin da yake sha a leda ku tafi da shi, na hawan jini, na suga, na gargajiya, har da wanda yake saya a kemis ba da takarda ba. Idan yana allurar rage ƙiba ta mako-mako irin su Ozempic, lallai a faɗa, domin tana sa abinci ya daɗe a ciki ko an yi azumin tiyata. Idan yana fama da ƙwarnafi, shi ma a faɗa. Azumin kuwa awa 6 ne ba abinci, kuma koko, kunu, fura da shayi mai madara duk abinci ne. Farin ruwa ana yarda har zuwa awa 2 kafin aiki, amma ku bi abin da asibitinku ya ce. Kada ya shiga horon yunwa na mako biyu don ya rame, ba zai canza wuyansa ba, sai dai ya shiga aiki a galabaice. Idan yana shan taba, ya ajiye daga yau.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar jinya ce da na yi kwas na sa barci, an turo ni babban asibitin wata ƙaramar hukuma. Sau da yawa ni kaɗai ce, ba mu da na'urar duba iskar da ake fitarwa. Hannuna ƙanana ne, idan na samu mai ƙiba takunkumi ba ya zama. Me zan gyara?

Wata ma'aikaciya daga jihar Jigawa

AMSA: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Ku ne ke ɗauke da mafi yawan wannan aiki a ƙasar nan, kuma tambayarki ta mai kula ce.

Ki daina riƙon hannu ɗaya ga mai ƙiba tun daga farko, kada ki jira sai ya gagara. Ko masu manyan hannu bai kamata su yi ba. Ki ɗora tudun tafin hannuwanki biyu, gindin manyan yatsu, a gefe da gefen takunkumi, manyan yatsun suna kallon ƙafafun mara lafiya. Sauran yatsu huɗu na kowane hannu su kama bayan kusurwar muƙamuƙi, ƙasan kunne, su ɗago shi sama har haƙoran ƙasa su wuce na sama. Fuskar ake ɗagowa ta tarar da takunkumi. Idan kika danna takunkumi ƙasa, haɓa za ta koma ƙirji, ki rufe hanyar da hannunki. Ki bar bakin a ɗan buɗe, kuma yatsunki su tsaya a kan ƙashi, kada su nutse cikin naman ƙarƙashin haɓa su tura harshe sama. An gwada wannan riƙon da na gargajiya a kan masu ƙiba, ya fi shigar da iska nesa ba kusa ba, kuma bai dogara da girman hannu ba.

Jaka kuma ki ba wani. Ba sai ƙwararre ba, ki koya wa ma'aikacin ɗakin tiyata tun kafin ranar: a hankali, sakan ɗaya ana matsawa, daidai yadda ƙirji zai tashi. Idan na'urarki na nuna ƙarfin iska, ki yi ƙoƙari kada ya wuce 20. Idan ƙirji bai tashi ba, ƙara ƙarfi ba shi ne magani ba. Ki gyara kwanciya, ki ƙara jawo muƙamuƙi, ki sa robar Guedel. Ki auna ta daga haƙoran gaba zuwa kusurwar muƙamuƙi, domin ƙarama takan tura harshe baya ta ƙara toshewa, kuma ki jira barci ya yi nauyi kafin ki sa. Ki bar robar oksijin ta hanci tana gudana a ƙarƙashin takunkumi da lokacin sa bututu, tana ƙara lokaci. Tsoho mai haƙoran roba, ki bar su a baki har sai za ki sa bututu, suna riƙe siffar fuska.

Tun da ba ki da na'urar iskar da ake fitarwa, idonki da kunnenki ne: tashin ƙirji, tururi a cikin takunkumi, da abin sauraren ƙirji a hammata biyu da kan tumbi. Kada ki jira na'urar yatsa ta gaya miki, tana makara, lambar da take nunawa labarin sakannin da suka wuce ne. Kada kuma ki ɗauka maganin barci na ketamin ya raba ki da wannan matsala. Yana barin numfashi, amma bai hana hanyar mai ƙiba rufewa ba, ga yawu da yake ƙarawa. Wajen awon magani, firofofol ba da cikakken nauyinsa ake lissafawa ba, da nauyin jiki ban da kitse ne, ki ƙara kaɗan-kaɗan. Sukzametoniyam, maganin sakin naman jiki, shi ne ake ba da shi da cikakken nauyi. Idan bututu ya ƙi sau biyu, ki tsaya ki koma ba da iska, kada ki wuce uku, domin kowane gwaji yana kumbura maƙogwaro har takunkumin da ke aiki ɗazu ya daina. Ƙaramin takunkumin maƙogwaro lamba 4 da 5 su kasance a buɗe kan tebur kafin ki taɓa sirinji, ko da allurar baya za ki yi.

Idan aikin ba na gaggawa ba ne, kuma kin ga BMI sama da 40 tare da kaurin wuya da yankewar numfashi cikin barci, kina da hurumin cewa ba a nan ba. Ki rubuta dalilinki a takardar turawa, da nauyi, da awon wuya, da abin da kika gani a baki, ki tura shi asibitin da ke da mutum biyu da kayan aiki. Idan likitan tiyata ya matsa, ki nuna masa alƙaluman mintuna 8 da mintuna 3 ɗin nan, ki tambaye shi wa zai riƙe miki jaka.